Matar da ta tsince littafin 'yarta

Ke da kike tambayata yadda za ki yi da abubuwan da yaran nan suke karantawa, wallahi ni ma ban sani ba. Amma ga wani misali.

Akwai wata mata mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar gida. Rabin rayuwarta a kan faifai ta yi shi tana tsintar tsakuwa, har ta kai ko ido rufe yatsanta ya san dutse daga ƙwayar wake. Karatunta kuwa aji huɗu ne na firamare, sai ta bi da yatsa take haɗa baƙi. Tana da 'ya budurwa mai shiru-shiru, tana koyarwa a wata makarantar yara, in ta dawo sai ta shige ɗaki ta duƙufa rubutu. Wata ranar Talata yarinyar ta tafi aiki, uwar ta shiga yi mata shara, ta ɗaga katifa, sai ga takardu ɗaure da zare, tudu guda, duk rubutun hannun 'yar. Shafin farko Bismillah ce a sama, hankalinta ya kwanta. Ta buɗe na biyu, sai ga wasu wai alloli bakwai suna faɗa a bisa gajimare, ga wani matsafi mai suna Dunƙurma yana kiran duhu ya zo ya haɗiye garuruwa, har da kalmomin da yake furtawa in zai yi tsafin. Ta yi a'uziyya ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta shiga tunani: in ta gaya wa maigida, ta san halinsa, unguwa sai ta ji. In ta kai wa malam, gobe a ce 'yar wance ta shiga tsafi. In ta ƙone duka, to yaya za ta yi da sunan Allah da ke ciki, da wata addu'a da uwar wani makiyayi ta yi wa ɗanta zai tafi yaƙar matsafin, wadda har ta sa ta hawaye? Ta mayar ƙarƙashin katifa kuma, yarinya ta ci gaba da kwana a kan Dunƙurma? Sai ta ce ai ba abin da ya fi sauƙi, tsinta za ta yi. Ta ɗauko faifai biyu, na kirki dama, na sharri hagu.

Ashe takarda ba wake ba ce. Ta iske shafin da Dunƙurma ya faɗa ambaliya ya ciro jaririn wata baƙuwa. Ta iske makiyayin nan na kirki ya sharara wa uwarsa ƙarya. Allolin da ya kamata su kawo ɗauki kuwa suna can suna gardamar wa ya girmi wa. Shafi ɗaya sai ta kai shi dama, ta dawo da shi hagu, ta riƙe shi a hannu tana juyawa ko bayansa zai faɗa mata gaskiya. Wake ya kama a tukunya ba ta ji ƙauri ba. Da kanta ya ɗau zafi sai ta yanke hukunci: duk shafin da sunan matsafin nan ya fito, komai alherin da ya yi a ciki, hagu. Nan da nan aiki ya yi sauri. Ta cusa na hagun a murhu, ta ɗaure sauran da zarensu, ta mayar, tana jin ta ceci 'yarta ba wanda ya sani.

Bayan la'asar yarinyar ta dawo. Ta ɗaga ƙunshin ta ji ba nauyi, ta fito tsakar gida ta ga tokar takarda a bakin murhu, sai ta zauna a ƙasa da kayan aikinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce labari ne ta ƙaga, irin tatsuniyar Dodo da uwar take yi mata tana ƙarama, shekara uku tana rubuta shi, ba ta da wani kwafi sai wannan, ranar Juma'a za ta kai a buga. Ta yi ta buɗe abin da ya rage, sannan ta ɗago kai.

"Inna, ina shafin da aka kashe Dunƙurma?"

"Da sunansa a ciki?"

"Ya fi sau goma."

"To ya shiga wuta, 'yar nan."

"Ai kuwa kin cece shi, Inna. Shekara uku ina neman yadda zan kashe shi."

Abin da ya saura a littafin, mutane ne ke ta gudu ba a san wa ya koro su ba, garuruwa na rushewa ba mai rusawa, makiyayi ya zare takobi ya tafi, daga nan ba labarinsa. Yarinyar ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai washegari ta sayo akwatin ƙarfe da kwaɗo, makullin a wuyanta. Uwar kuwa har yau in tana tsintar wake sai hannunta ya tsaya, tana tambayar kanta: ƙone Dunƙurma ta yi, ko sakinsa ta yi? Da ta jira la'asar ta tambaya, da kalma ɗaya ta ishe ta. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.