Tunkiyar Mai Koriyar Leda

Kai da kake kuka mutane sun ƙi yarda cewa takardar ƙunshinka ba ta cutar da ƙasa ko dabba, zauna ka ji labarin wanda ya riga ka shiga wannan kasuwa.

A wani gari na masu kiwo, leda ta addabi jama'a. Da wuya ka sami gidan da ba a taɓa asarar akuya ko saniya ba, wadda ta haɗiyi baƙar leda a juji, ta rame, ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Ana nan sai ga wani ɗan kasuwa da ledarsa koriya shar, an buga mata hoton ganye a gaba. Ya ce da garin rogo aka yi ta, ƙasa na cinye ta, cikin dabba kuma na narkar da ita kamar dusa. Alhali leda ce irin ta kowa, launi kawai aka sauya mata, kamar a sa wa jaki lalle a ce ango ne. Mutanen garin sun sha jin zaƙin baki, saboda haka suka juya ta, suka shinshina, suka ajiye masa kayansa. Wata mai ƙosai ta ce, "Malam, in dusa ce, ba taka dabbar mu gani." Shi kuwa yana da tunkiya guda, fara, mai ƙiba, wadda ke bin sa har bakin masallaci. Ranar kasuwa ya jawo ta, ya shafa wa ledar gishiri da ƙuli-ƙuli a ɓoye, ta lamushe a gaban kowa har tana lasar hannunsa. Aka yi ta kabbara. Daga ranar masu ƙosai da masu tsire da masu gyaɗa suka koma koriyar leda, mata kuma suka daina tsince ta daga tsakar gida, tunda ai abincin awaki ce. Kowace kasuwa sai an nemi a sake gani, kowace kasuwa sai tunkiya ta ci.

Sannu a hankali tunkiya ta daina tuƙa. Haƙarƙarinta suka fito, gashinta ya tashi, cikinta kuwa ya yi ta girma, ya yi tauri kamar turmi. Da aka fara ƙus-ƙus, sai ya ce ciki gare ta, kuma bisa ga alama tagwaye ne. Aka yi masa barka. Yana ji yana gani likitan dabbobi ya zo garin, wanda ke tsaga tumbi ya fitar da leda ya ɗinke, dabba ta tashi. Amma kai ta wurinsa daidai yake da tsayawa a tsakiyar kasuwa ya ce shi maƙaryaci ne. Barin ta a gida kuma ba dama, don ita ce shaidarsa, in ba a gan ta ba za a tambaya. Haka ya ci gaba da jan ta da igiya tana tangaɗi, yana tura mata ledar a baki tana kau da kai. Lokacin haihuwar tumaki ya zo ya wuce, nata tagwayen shiru, har mai ƙosai ta ce ko 'ya'yan giwa ne. Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, tunkiya ta durƙusa a gaban rumfarsa, idanunta suka juye. Ya yi wuf zai ɗauke ta ya yi gida, jama'a suka tare shi, don ba wanda zai tsaya yana kallo dabba ta zama mushe. Kafin ya buɗe baki mahauci ya sa mata wuƙa. Aka ce a yi maza a farka cikin, ko Allah zai sa a sami tagwayen da rai. Aka farka. Abin da ya faɗo ƙasa dunƙulen leda ne ya fi kan mutum girma, kore shar, hoton ganyen nan ko kwarzane bai yi ba. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Kowa ya juya da gudu ya nufi gida, ya je ya taɓa cikin akuyarsa, ya ji shi da tauri. Kafin damina ta faɗi, mahautan garin sun gaji da fiɗa, shi kuma ya bar garin ba sallama, ba wanda ya tambayi inda ya nufa.

To, kai ma duk abin da ka faɗa a kan takardarka, wata rana za a farka cikinsa a gaban mutane. Hausawa dai sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.