Tashar Ruwan da Ta Zo ta Ɗaya

Tafi ya kaure da baƙi daga birni suka miƙa wa Gazali, mai kula da tashar ruwan wani gari kusa da Kebbe, takardar shaidar kare muhalli.

"Cikin tashoshi talatin," in ji shugabarsu, "taku kaɗai ce ba ta ƙona mai, ba ta malalar da ƙazamin ruwa. Mene ne sirrin, Malam?"

Gazali ya hangi jakuna ɗauke da jarkoki sun nufi tafkin da ruwansa ya kwantar da matarsa. Ya juyo gare ta.

"Hajiya, shekara ukku ke nan injin ya mutu. Ku taimaka a gyara muna."

Ta duba takardunta, ta girgiza kai.

"Ayya! Ai gyara na tashoshin da suka faɗi ne. Ku kun ci."