Kofin Farko

Ma'aikacin lafiyar dabbobi ya shafa wuyan saniyar, daidai inda ya yi mata allurar gwaji, ya ji wurin ya kumbura. Ya ce, "Iya, sai haƙuri. Tarin fuka gare ta, yau za mu tafi da ita."

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Ita ce gonata, ita ce kasuwata. Tunda kuka kawo dokarku ban sayar wa kowa madara ba sai na tafasa ta. Tambayi maƙwabta, itacen da nake ƙonawa ya isa dafa giwa!"

"Ai shi ya cece ku, Iya. Wanda ya sha tafasasshiya babu abin da zai same shi. Ɗanyar ce mugun abu."

Sai tsohuwa ta juya ta kalli ƙofar ɗakinta.

Kun dai san halin kaka. Tafasasshiya ta masu saye ce. Kofin farko kuwa, mai ɗumi daga hantsa, da kumfarsa da komai, na jikanta ne, marayan da take kira maigida. Kullum safe sai ta ba shi don ya yi ƙiba. Yana ramewa yana tari, tana ƙara masa.

Aka ja saniya zuwa mota, tsohuwa ko waiwaye ba ta yi ba. Kunnenta na ɗaki, inda siririn tarin nan ya sake tashi.

"Kaka," in ji yaron, "ina madarata?"