Koren da Ya Ɓullo a Marmaro

Tun da aka gano ƙarƙashin garin duk ramuka ne da kogunan farar ƙasa, ruwa na ratsa su yadda ya ga dama, kowace damina ake yin Ranar Launi. A zuba wa kowace shaddar bayan gida da kowane rami launinsa, sannan a taru a bakin marmaron da garin ke sha. Wanda nasa ya ɓullo, gidansa ya tashi.

Tasalla mai koko ta kutsa gaba tana ture mutane. Nata ja ne.

Sai ga ruwa ya fito kore shar!

Ta rangaɗa guɗa, ta cafe yayarta Ladingo tana juyi. "Mun tsira, Yaya! Yau koko kyauta ne, kowa ya kawo kofinsa! Wai wane mai tsautsayin ne da kore?"

Ladingo ba ta taya ta rawar ba. Idonta na kan bokitin kokon da aka dama da ruwan marmaron nan da safe.

"Ba gidan kowa ba ne," ta ce a hankali. "Maƙabarta aka zuba wa. Gefen da aka kwantar da Inna."