Maginiya da Numfashin Itatuwa

An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye na bakin daji. Duk rani takan gina randuna da tuluna, ta jera su a fili su sha rana, sannan ta ɗebo kirare ta gasa su gaba ɗaya kafin ruwan farko. Da su take sayen hatsin damina. Ba ta taɓa tambayar kowa lokaci ba. Muddin gawo na da ganye kuma shamuwa ba ta sauka ba, ta san sama ba za ta yi mata ba-zata ba.

Wata shekara ta je dajin, sai ta tarar da shingen waya da mai gadi. Ya ce mata masu manyan masana'antu a hayin teku sun biya wani ɗan kwangila a birni don a bar itatuwan nan su riƙa shanye hayaƙinsu, ko busasshen reshe ba a taɓawa. Ta ɗaga kai ta dubi kukar da kakarta ta sha inuwa a gindinta, ta riƙe baki.

"Ikon Allah. Yau har numfashin itace ya zama haja. To ɗana, hayaƙina fa, na sau ɗaya a shekara, wa zai shanye?"

Ta koma gida ba ko tsinke.

Ba ta tsorata ba, don gawo na nan kore shar. Ta shiga tara kara da kashin shanu a hankali, a madadin kirare. Tarin bai kai rabi ba, rannan da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin. Aka saki ruwan da tsofaffin garin suka rantse ba su taɓa ganin irinsa ba. Tana tsaye a bakin ɗaki tana kallon aikin rani guda yana narkewa, randa na durƙusawa kan randa, har yumɓu ya bi kwata ya koma kududdufin da aka haƙo shi. Mamaki ma ya hana ta kuka, ganin ruwa na zuba a kan ganyen gawo.

Hayaƙin da ya rikita sama ba nata ba ne, abin da aka biya don gyara saman ma bai biyo ta ƙofarta ba. Daminar nan da rumbu wayam ta shige ta. Hausawa ba su yi ƙarya ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.