Fuskar Kwali a Ƙofar Sinima

Kulkin farko a kafaɗa ya sami Mahunan, na biyu ya raba fuskar kwalin da ya sa gida biyu. Takobinsa ya faɗi a ƙofar sinimar unguwarsu a Kwatano.

"Ɗan iskan ɓarawo! Da rana tsaka?" in ji Sosu maigadi, yana sake ɗaga kulkin.

Ƙanwarsa Fifame, mai sayar da tikiti, ta fito a guje ta riƙe masa hannu. "Yaya, kisa za ka yi? Takobin katako ne fa!"

Sai ta gane wanda ke ƙasa: telan nan da kullum yake sayen tikiti kansa a sunkuye.

"Kai kuma me ya kai ka shigar dodo?"

Mahunan ya tofar da jini. "In ban rufe fuska ba, bakina ba ya buɗuwa." Ya miƙa mata takarda a cukuikuye. Mutum arba'in ne ke roƙon manaja ya haska musu fim ɗin anime, irin katun ɗin nan na Japan. Duk sun sa hannu, kunya ta hana kowa kawowa.

"Fim ɗin kaɗai ka zo roƙo?"

Ya dubi kulkin, ya dube ta. "Kujera biyu nake so... in an haska."

"Ƙara kallonta in karya ɗaya kafaɗar!" Sosu ya daka masa tsawa.

Fifame ta zaro biro daga gashinta, ta rubuta sunanta a takardar dab da na Mahunan, a kan ɗigon jini. Ta ɗauki takobin ta nuna ƙirjin yayanta.

"Matsa, Yaya. Wajen manaja za mu. Ni zan yi maganar."