Masu Farar Hula

Da la'asar ne, a shagon hayar kaset na Kawu, yayan Mama, a Samaru. Ina zaune kan benci, wasu 'yan jami'a biyu suna musu a kan fim ɗin yaƙin sararin samaniya da suke bi kashi-kashi. Ɗaya ya rantse a kashi na gaba jirgin sarki zai harba bindigar haske ya narkar da sansanin abokan gaba.

Ɗayan ya ce, "Kai wawa ne wallahi! Sojojinsa fa suna ciki, masu farar hular nan."

Kawu yana goge kaset da gefen rigarsa ya ce, "Waɗannan ai ba a ƙirga su. Kurata ne."

Suka kwashe da dariya.

Babana kurtu ne a barikin Basawa. A lokacin an tura su yaƙi wata ƙasa, kuma shiru babu labari. Na miƙe na ce, "Kawu, Baba ma ba a ƙirga shi?"

Ko kallona bai yi ba. "Ke, fim ne! Zauna, uwar tsoro."

Na san riƙe babba a zuciya ba kyau. Na sha yin istigifari, amma fushin ya ƙi tafiya. Baba ya dawo, maƙwabcinmu Baban Ladi da suka tafi tare bai dawo ba. Har yau in yarana suka kunna irin fim ɗin, wani mai farar hula ya faɗi, sai na sa a tsayar, in ce su gaya mini sunansa.